Tambarin “Oganik” A Ma'aunin Shari'a: Shaida Ce, Kuma Shaida Amana Ce

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya raya ƙasa da shi bayan mutuwarta, Ya fitar mana da abin da za mu ci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya leƙa manyan kantunan Kano, Kaduna, Abuja ko Yamai a 'yan shekarun nan zai lura da wata kalma da ta fara yawa a jikin kwalbar zuma, da man zaitun, da ganyen shayi, da garin kunun jarirai. Masu Turancin Ingilishi suna cewa “oganik”, masu Faransanci kuma suna rubuta “Bio”. Abin da ake nufi shi ne abincin da aka noma ba tare da takin zamani ba, kuma ba tare da feshin magungunan ƙwari da na ciyawa da ake haɗawa a masana'anta ba. Kusan ko da yaushe kuɗinsa ya ɗara na ɗan'uwansa da ke gefe, wanda ba ya ɗauke da wannan kalma.

Jama'armu sun kasu biyu a kan lamarin. Wasu da zarar sun ga kalmar sai hankalinsu ya kwanta, su biya ko nawa ne, suna ganin sun sayi lafiya. Wasu kuma sai su taɓe baki, su ce salon cin kuɗi ne kawai na Turawa. Mu a ganinmu duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Wannan tambari shaida ce da wani ya bayar a kan abin da mai saye bai gani da idonsa ba, kuma Musulunci ya daɗe da shimfiɗa ƙa'idojin karɓar shaida da hukuncin wanda ya yi ta zur. Da wannan ma'auni ya kamata gidan Musulmi ya auna ta.

Abin da tambarin yake faɗa

Tunanin ya girmi tambarin. A 1940 wani masanin noma Bature, Albert Howard, wanda ya shafe shekaru yana aiki a Indiya yana lura da yadda manoman can ke sarrafa taki, ya wallafa littafin da ya zama ginshiƙin wannan tafiya. A 1972 aka kafa ƙungiyar IFOAM a Faransa domin haɗa kan masu irin wannan noma a duniya. Da kasuwa ta buɗe, farashi ya yi sama, sai kowa ya fara kiran kayansa oganik, har ta kai gwamnatoci suka sa baki. Amurka ta yi dokarta a 1990, ƙa'idojinta suka fara aiki gadan-gadan a 2002. Turai ta yi tata a 1991, ta sabunta ta daga baya, kuma wadda ake aiki da ita yanzu ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022.

Sharuɗɗan ba na wasa ba ne. A Amurka, sai gona ta yi shekara 3 ba a zuba mata wani haramtaccen sinadari ba kafin a kira amfaninta oganik. A Turai, shekara 2 ne kafin shuka ga amfanin gona na shekara-shekara, shekara 3 kuma ga itatuwa. An hana irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Dole manomi ya riƙa rubuta irin da ya shuka, da takin da ya zuba, da yawan abin da ya girbe, da wanda ya sayar wa. Sannan wata hukuma ko kamfani mai lasisin gwamnati, wanda ba shi da hannu a gonar, zai turo mai bincike aƙalla sau ɗaya a shekara ya duba gona da rumbu da takardu.

Rubutun jikin kaya ma yana da matakai. A tsarin Amurka, kayan da aka haɗa daga abubuwa daban-daban ba za su ɗauki hatimin ma'aikatar gona ba sai aƙalla kashi 95 cikin 100 na abin da ke ciki oganik ne. Idan kashi 70 ne zuwa sama, za a iya rubuta cewa an yi shi da wasu kayan oganik, amma ba hatimi. Ƙasa da haka, sai dai a ambata a jerin kayan haɗi. A Turai kuwa, alamar ita ce ganye da aka zana da taurari a kan koren fili, wadda ta zama wajibi tun 2010, kuma dole a sa lambar hukumar da ta yi binciken kusa da ita, tare da bayanin ko a cikin Turai aka noma kayan ko a waje.

Ga masu karatun fiƙihu, wannan ba baƙon abu ba ne. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Ibnu Abi Zaid a cikin Risala, sun yi magana a kan cinikin “barnamaj”, wato sayen kayan da ke ƙunshe cikin dila bisa takardar da ta siffanta abin da ke ciki, ba tare da an kwance ba. Malamanmu na Malikiyya sun halatta shi saboda wahalar da ke cikin kwance kowace dila, da sharaɗin siffar ta zama sananniya. Idan kaya suka dace da abin da aka rubuta, ciniki ya tabbata. Idan suka saɓa, mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Takardar da ke manne a jikin kwalbar zuma ita ce barnamaj ɗin zamaninmu. Da ita ciniki ke fita daga sayen biri a sama, wanda shari'a ta kira garari ta kuma hana.

Abin da tambarin bai faɗa ba

A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Na farko, oganik ba ya nufin halal. A kantunan Turai akwai giyar inabi mai ɗauke da wannan alama, akwai naman alade mai ɗauke da ita. Kazar da aka kiwata a fili tana cin tsabar oganik, idan ba a yanka ta yankan Musulunci ba, mushe ce. Mai binciken oganik ba ya tambayar wa ya yanka, ko da sunan wa aka yanka. Don haka ɗalibanmu da ke karatu a ƙasashen waje, da masu sayen kayan gwangwani na shigowa, su sani cewa shaidar oganik daban, shaidar halal daban.

Na biyu, ba ya nufin ba a yi feshi ba ko kaɗan. Dokokin sun yarda da wasu magunguna, kamar farar wuta, da sinadaran tagulla, da abin da ake tatsa daga itacen darbejiya. Na uku, ba alkawarin waraka ba ne. A 2012 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun tattara bincike 237 suka nazarta, suka ce ba su sami hujja mai ƙarfi ba cewa abincin oganik ya fi sauran gina jiki, sai dai sun ga cewa ragowar maganin feshi ta fi ƙaranci a jikinsa. Wannan fa'ida ce ta gaske, amma wanda ya ce maka zumarsa ta oganik tana warkar da ciwon suga ya faɗi abin da babu wata hukumar oganik da ta shaida.

Na huɗu, shaidar kanta ana iya yi mata ha'inci. A 2019 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani ɗan kasuwar hatsi mai suna Randy Constant fiye da shekara 10, bayan ya amsa cewa daga 2010 zuwa 2017 ya sayar da hatsi na sama da dala miliyan 142 da sunan oganik alhali mafi yawansa ba haka ba ne. Dabararsa ita ce fakewa da takardun wasu gonaki da ke da shaidar gaskiya, ya lulluɓe hatsin wasu gonakin da su. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai da ya yi shekaru yana haƙa kafin ya kai ƙarshe. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa Amurka ta tsaurara dokarta, ta wajabta takardar shaida a kan duk kayan oganik da za a shigo da su daga watan Maris na 2024.

Darasin da ke nan shi ne takarda ba ta fi amanar wanda ya sa mata hannu ƙarfi ba. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta koya mana bin diddigin labari kafin a gina hukunci a kansa. A cikin hadisin Abu Bakrata da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa mafiya girman zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka tausaya masa. Wanda ya je wurin mai buga takardu ya sa aka manna wa kayansa kalmar oganik domin ya ƙara kuɗi, alhali ya san an yi musu feshi, ya haɗa laifi biyu: algus a ciniki da ƙarya a shaida. Ribar da ya ci a kan wannan kalma cin dukiyar mutane ce da ɓarna.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce, mu da muke fama da kuɗin kwanon masara, ina mu ina zancen hatimin Turai? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin tukunyarmu.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun sinadarin dikulobos a cikinsa. Iyakar da suka yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, amma an sami samfurin da ya kai miligiram 4.6. Wannan sinadari shi ne asalin abin da muke kira fiya-fiya, wanda wasu ke yayyafa wa wake a rumbu domin kada ƙwaro ya ci. An sanya takunkumin na shekara guda, daga baya aka yi ta tsawaita shi. To, mu tambayi kanmu: waken da Turawa suka ce bai dace da cikin 'ya'yansu ba, ina ya tafi? Da shi ake yin ƙosai da alala da ɗanwake a gidajenmu. Haka nan hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin kabayid, wanda masu walda ke aiki da shi. Baƙo yana da mai duba masa abinci a bakin iyaka. Uwar gida a unguwarmu kuwa, ba ta da kowa sai Allah da amanar mai awo.

Allah Maɗaukakin Sarki, a Suratul Baƙara aya ta 168, da Ya umarci mutane su ci daga abin da ke ƙasa, siffa biyu Ya ambata: halal da kuma ɗayyib, wato mai tsarki, mai kyau, marar cutarwa. Mun ba siffa ta farko muhimmanci, kuma haka ya dace. Bahaushe ba zai ci nama ba sai ya san wa ya yanka. Amma siffa ta biyu mun yi mata riƙon sakainar kashi. Wake halal ne a asalinsa, sai dai waken da aka jiƙa da guba ba za a kira shi ɗayyib ba. Matasan nan na Suratul Kahfi, da suka farka daga barcin shekaru ɗaruruwa cikin yunwa da tsoro, da za su aiki ɗayansu gari da azurfarsu, sai da suka ja masa kunne ya duba abincin da ya fi tsarki. Yunwa ba ta mantar da su bincike ba.

Wani kuma zai ce ai noman kakanninmu duk oganik ne. Gaskiya ne cewa manoman karkarar Kano sun shafe ɗaruruwan shekaru suna noma gona ɗaya kowace damina, suna raya ta da takin dabbobi da tokar gari da ake kaiwa a kan jakuna, har masana daga waje suka zo suna nazarin yadda ƙasar ba ta mutu ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yau ba haka abin yake ba. Maganin ciyawa ya shiga kusan kowane ƙauye, kuma da yawa masu feshi ba sa iya karanta abin da ke jikin kwalba, balle su kiyaye kwanakin da aka ce a jira tsakanin feshi da girbi. Wanda kuma har yanzu yake noma da takin gargajiya zalla, ba shi da wata hanyar tabbatar da hakan ga mai saye. Riɗinsa, ko zoɓorodonsa, ko cittarsa, a haɗe su da na kowa a Dawanau ko Maigatari, a biya shi kuɗi ɗaya da kowa. Kuɗin ɗauko mai bincike daga kamfanin waje ya fi ƙarfin mai kadada ɗaya ko biyu.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce takin zamani haramun ne ba, ba mu kuma ce kowa ya watsar da shi gobe ba. Ƙasar Sirilanka ta gwada haka a watan Afrilun 2021, ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya. Noman shinkafa da na ganyen shayi suka faɗi, gwamnati ta janye matakin kafin shekarar ta ƙare, kuma abin ya ƙara rura wutar matsin da ya kai ga guduwar shugaban ƙasar a 2022. Ƙa'idar fiƙihu ita ce ba a gusar da cuta da cutar da ta kai ta ko ta fi ta. Magidancin da ya sayi abin da aljihunsa zai iya, ya wanke, ya dafa, ya ciyar da iyalinsa, babu laifi a kansa, kuma kada wani ya sa shi jin cewa abincinsa ƙasƙantacce ne. Abin da muke kira gare shi shi ne gaskiya a kan abin da aka zuba wa abinci, ko mene ne shi.

Gadon da muka bari

Duba kasuwa aiki ne da Annabi (SAW) ya yi da hannunsa. Muslim ya ruwaito cewa ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tuhume shi a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. A lura, bai hana shi sayar da jiƙaƙƙen abinci ba. Ɓoyewar ce ya hana. Daga wannan tushe aikin hisba ya tsiro, har wani malamin Malikiyya na Ƙairawan, Yahya bn Umar, wanda ya rasu wajajen shekara ta 289 bayan Hijira, ya bar littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen kasuwa. Abin da mai binciken oganik yake yi yau, na shiga rumbu da duba abin da ke ƙasan buhu, reshe ne na aikin da muka daɗe da saninsa muka sake.

Akwai kuma hanyar da ta dace da ƙaramin manomi. A ƙasashe irin su Indiya da Barazil, hukuma ta amince da tsarin da manoman yanki ɗaya da masu sayen kayansu ke haɗuwa su rubuta ƙa'ida, kowa ya sa hannu, su riƙa zagaya gonakin juna, wanda ya saɓa a cire shi daga amfani da alamar ƙungiya. Ƙasashen Gabashin Afirka ma sun fitar da ma'auninsu na bai ɗaya tun 2007, da alamarsu ta kansu. Mu da muke da sarkin noma, da sarkin kasuwa, da limamin da kowa ke jin maganarsa, da jama'ar da ke haɗuwa sau biyar a yini, me zai hana mu? Manoma ashirin a gari ɗaya za su iya yin alkawari a gaban shaidu cewa wakensu ba zai ga fiya-fiya ba, su adana shi a buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska ba tare da magani ba, su sa alamarsu, makarantun kwana da gidaje su riƙa saye a wurinsu kai tsaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowane gida zai iya. Idan muka ga kalmar oganik a jikin kaya, mu nemi sunan hukumar da ta shaida ko lambarta. Idan babu, to maganar mai kaya ce kawai, a ɗauke ta gwargwadon amanarsa. Hoton ganye kore, ko kalmar da ke nufin “na ɗabi'a”, ba shaida ba ne. Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa kaya rajista, ba ta nuna yadda aka noma su. Waken da ke warin magani a bar shi, ko da ya fi araha. Ɗalibanmu masu karatun noma da kimiyyar abinci su san cewa karanta wa manomi abin da ke jikin kwalbar feshi da harshen da yake ji sadaka ce mai gudana. Malamanmu kuma, idan sun zo babin ciniki a Risala, su kawo misali da buhun wake da kwalbar zuma, domin almajiri ya gane cewa karatun nan na kasuwar gobe da safe ne. Hukumomin hisba, a jihohin da suke da su, su tuna cewa mudu da sikeli da abin da ke cikin buhu suna daga cikin aikinsu na asali.

Malaman tarihi sun kawo labarin wata yarinya a Madina a zamanin Sayyidina Umar (RA), wadda mahaifiyarta ta umarce ta cikin dare ta gauraya nono da ruwa, tana ce mata ai Umar ba ya ganinsu. Yarinyar ta ƙi, ta tuna mata cewa Ubangijin Umar yana gani. Umar yana bayan katanga yana ji, ya aurar da ita ga ɗansa Asim, kuma daga zuriyarsu aka sami Umar bn Abdul'aziz. A wannan dare akwai mai bincike a waje, akwai kuma tsoron Allah a cikin ɗaki. Kasuwar da za ta ba mu abinci halal kuma ɗayyib tana buƙatar duka biyun.

Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci, Ya sanya albarka a gonakinmu da kasuwanninmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa. Wallahu a'alam.